Wane madubin likita ya dace da ƙaramin labo a Tawa?

Mai asibitin kuɗi da ke shirin buɗe labo, da shugaban makarantar da aka ɗora wa sayo kayan ɗakin kimiyya, da likitan dabbobi mai zirga-zirga tsakanin Tawa da Abalak, duk tambaya guda ce ke tsayar da su: wane irin madubin likita za a saya? In ka je Yamai dillalai za su shimfiɗa maka katalog, ga mai haske, ga mai duhun fili, ga mai walƙiya, ga wanda ake jonawa da kwamfuta, kowa kuma kayansa yake yabo. Ra'ayina a fili yake tun daga farko: galibin masu wannan tambaya madubi mai haske na yau da kullum suke buƙata, mai kyawun gilashi, tare da rini na gari. Sai dai akwai waɗanda wannan ba zai ishe su ba, kuma gara mutum ya san ko yana cikinsu kafin ya zuba kuɗinsa.

Abin da za ka auna kafin shiga kasuwa

Na farko, girman abin da kake nema. A wannan sana'a da mikron ake awo, wato a raba milimita ɗaya gida 1000 a ɗauki kashi guda. Ƙwan tsargiya da ake gani a fitsari yana kai mikron 150, jar ƙwayar jini tana tsakanin 7 da 8, galibin bakteriya ba su wuce 1 zuwa 5 ba, virus ɗin shan-inna kuwa 0.03 ne kawai. Tun 1873 Ernst Abbe na Jamus ya nuna cewa madubin da ke aiki da haske ba ya iya rarrabe abubuwa biyu idan tazarar da ke tsakaninsu ta gaza kimanin mikron 0.2. Don haka in ka ga an rubuta 2000x a jikin kwali, kada ya ɗauke maka hankali. Hoton zai ƙara faɗi, amma ba zai ƙara fitowa ba. Iyakar amfani tana wajen 1000x, wato objektif (gilashin da ke fuskantar abin da ake dubawa) na 100 da gilashin ido na 10. Lambar da ta fi muhimmanci ita ce wadda ke rubuce a gefen objektif na 100 ɗin, mai nuna ƙarfinsa na rarrabewa, ka tabbata ta kai 1.25.

Na biyu, da me za ka rarrabe ƙwayoyin. Bakteriya dai siffarsu ba ta da yawa: masu zagaye, masu tsawo irin na sanda, masu lanƙwasa irin ta waƙafi, da murɗaɗɗu. Bayan siffa sai yadda suke zama, bibbiyu ne, a jere ne, ko a tari. Sai irin bangon jikinsu, wanda rini ke tonawa. Sai motsi, wanda ba a ganinsa sai ƙwayar tana da rai. Kowane irin madubi akwai ɓangaren da ya fi nunawa cikin waɗannan.

Na uku kuɗi, kuma ba na ranar saye kaɗai ba: rini, man objektif, lam (ɗan gilashin da ake shimfiɗa samfur a kai), batir, duk wata-wata suke ci. In farashin katalog da Yuro aka rubuta, Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, sannan ka ɗora kuɗin dako da na duwan. Farashin da zan ambata a nan ƙiyasi ne, yana hawa yana sauka gwargwadon dillali.

Na huɗu juriya, kuma a Adar abokan gaba uku ne: ƙurar hunturu da ke kutsawa ko ta ina, zafin Afrilu da Mayu mai haura digiri 40 wanda ke lalata rini a kan kanta, da ɗaukewar wuta. Ka haɗa da cewa mai gyaran kirki yana iya kasancewa a Yamai, tafiyar sama da kilomita 500. Na biyar sauƙin koyo. Na shida haɗari, shi ma gida biyu ne: haɗarin maras lafiya idan an karanta ba daidai ba, da haɗarin ma'aikacin da ke shaƙar abin da yake aiki da shi.

Madubi mai haske da rini

Wannan shi ne ginshiƙin kowane labo. Haske na fitowa daga ƙasa, ya ratsa lam, ƙwayoyin su bayyana a kan fili fari. Matsalar ita ce galibin bakteriya ba su da launi, sai an rine su, kuma a rinin ne rarrabewar take.

Rinin Gram, wanda likitan ƙasar Denmak Hans Christian Gram ya fito da shi a 1884, yana raba bakteriya gida biyu bisa kaurin bangonsu. A zuba rini mai shunayya, a bi da lugol (ruwan aidin), a wanke da alkol na ƴan daƙiƙoƙi, a rufe da jan rini. Masu bango mai kauri su riƙe shunayya, su ne Gram +. Masu siririn bango su saki, su ɗauki ja, su ne Gram −. Amfanin wannan a ƙasar da sanƙarau ke dawowa duk rani ba ya misaltuwa. An kawo ruwan ƙashin baya gurɓatacce, an juya shi a na'ura don ƙwayoyin su kwanta, an shimfiɗa, an rina. In aka ga jajayen ƙwayoyi bibbiyu suna fuskantar juna kamar wake biyu, wasu ma a cikin farar ƙwayar jini, meningokok ake zargi, mai yaɗuwa cikin jama'a. In aka ga masu shunayya bibbiyu masu ɗan tsini a baki, pnemokok ne. In ƴan gajerun sanduna ne jajaye, hankali ya koma kan hemofilus. Duk wannan cikin ƙasa da rabin awa, likita na tsaye yana jira.

Amma a nan ma iyakar siffa take bayyana. Madubi zai gaya maka meningokok ne, ba zai gaya maka rukuninsa ba. Rigakafin MenAfriVac da aka soma yi a Nijar a 2010 na rukunin A ne, annobar 2015 kuwa, wadda ta kama sama da mutum 8,000 ta kashe fiye da 500, rukunin C ne ya haddasa ta. A ƙarƙashin madubi A da C kamarsu ɗaya sak. Sanin rukuni sai an tura samfur wurare irin CERMES, cibiyar binciken lafiya da ke Yamai. Siffa tana ba ka dangi, ba ta cika ba ka cikakken suna ba, kuma wannan ya shafi duk madubin da zan ambata.

Ƙwayar tarin fuka, wadda Robert Koch ya bayyana a 1882, jikinta na da kitse mai kama da kakin zuma, rinin Gram ba ya kama ta sosai. Ita sai rinin Ziehl-Neelsen: a ɗumama jan rinin har ya yi tururi, a wanke da asid, a rufe da shuɗi. Sai ka ga siraran sanduna ja a kan shuɗin fili. Ƙwayar kuturta ma da irin wannan rini ake nemanta. Raunin hanyar shi ne sai ƙwayoyin sun kai 5,000 zuwa 10,000 a mililita ɗaya na kaki kafin a dogara da ganinsu, shi ya sa ƙananan yara da masu cutar sida kan kuɓuce mata.

Sai Giemsa, rinin da ya fi kowanne aiki a damina. Da shi ake yin gut-epes, wato ɗigon jini mai kauri a kan lam, a ga ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, a ƙirga ta, a kuma gane ko falsifarum ce, wato irin da ya fi haɗari, a siririn shimfiɗa. TDR, ɗan awon zazzaɓi na nan take, na da sauri, amma ba ya ƙirga ƙwayoyi, kuma yana iya ci gaba da nuna layi biyu makonni bayan mutum ya warke. Ƙwararren ido yana ganin ƙwayoyi ko da 50 zuwa 100 ne a mikrolita ɗaya na jini, wato kashi ɗaya cikin 1000 na mililita. Sai dai Giemsa rini ne mai tsirfa. Ruwan da za a tsarma shi yana son pH 7.2 (pH shi ne ma'aunin tsamin ruwa), in aka ɗebo na famfo ko na rijiya kai tsaye sai lam ya fito ja-ja ko shuɗi tiɓis, ƙwayar ta ɓace a ciki. In aka shanya gut-epes a rana don ya yi saurin bushewa, zafi ya gasa jinin, rini ba zai ratsa shi ba. In kuma aka bar shi a buɗe a kan tebur, ƙuda ya sauka ya lashe tsakiyar ɗigon, ya bar maka zobe. Akwati mai murfin raga na jika ɗaya ko biyu yana maganin wannan.

Akwai kuma abin da ba ya son rini ko kaɗan: ƙwan tsargiya mai ƙaya a ƙarshensa, ƙwan tsutsar ciki a bayan gida, amiba mai jawo atuni, zaren funfuna a fatar makero da aka kankaro aka jiƙa da potas. Duk da objektif na 10 da na 40 ake ganinsu.

Ta fuskar kuɗi, mai ido biyu wanda ba na sanannen kamfani ba ana samunsa daga wajen jika 150 zuwa jika 400. Na sanannun kamfanoni, irin Olympus CX23, Zeiss Primostar, Nikon ko Leica, sai ka tanadi wajen miliyan ɗaya zuwa biyu. Araha ba ta ado: a mai rahusa galibi tsakiyar fili ce kaɗai ke fitowa, gefe ya yi hazo, kuma bayan ƴan watanni teburin lam ya soma zamewa ƙasa da kansa, kana duba hoto na gudu. Wanda zai duba lam 40 a yini, ciwon kai ne zai sa ya riƙa gajarta dubawa, a nan kuma ake kuskure. Ka zaɓi mai fitilar LED, ba halojen ba. LED ba ya zafi, yana shekaru bai mutu ba, kuma ƙaramin batir da farantin sola sun ishe shi.

Koyon kunna shi aikin yini guda ne, koyon karanta lam kuwa watanni ne a gaban wanda ya iya. Kuskuren da ya fi yawa a Gram shi ne barin alkol ya daɗe, sai Gram + ya rikiɗe ja, a ba da maganin da ba nasa ba. Shi ya sa za ka ji tsofaffin ma'aikata na ce wa ɗalibar da ta zo koyon aiki: "Ɗiyata, ƙirga biyar ki wanke, kada ki tsaya kallo." Haɗarin ma'aikaci yana wajen shimfiɗa kaki, dole a yi shi inda iska ke fita, da kuma fenol na rinin tarin fuka da metanol na Giemsa, waɗanda guba ne.

Mai duhun fili

Wannan ba sabon madubi ba ne, kondansa ake sauyawa, wato gilashin da ke tattara haske a ƙarƙashin lam. Ana tare hasken tsakiya, ya shigo ta gefe, fili ya yi baƙi, duk abin da hasken ya taɓa ya haskaka. Da shi ake ganin murɗaɗɗiyar ƙwayar tunjere, wadda sirantarta ba ta kai a gan ta a fili fari ba, da kuma ƙwayar kwalara tana harbawa da gudu a ɗigon zawo. Kuɗinsa bai kai na sabon madubi ba, wasu ma ɗan faifai ne kawai ake sakawa ƙarƙashin kondansa don objektif na 10 da na 40.

Ban cika ba ƴan Tawa shawararsa ba, dalili kuwa ƙura. A baƙin fili kowane ƙwayar ƙura da kowane ƙarce na lam haskakawa suke, a watan Janairu kuwa sai ka share lam sau uku bai wanku ba. Ga shi samfurin dole a duba shi nan take yana da rai, wanda ke nufin ma'aikaci na taɓa abu mai yaɗa cuta. Tunjere yanzu da awon jini aka fi gano shi, kwalara kuma ko an ga motsin sai an shuka ƙwayar, wato a raine ta a labo ta yawaita, kafin a tabbatar.

Faz kontras

Frits Zernike na ƙasar Holan ne ya ƙirƙiro shi, ya samu kyautar Nobel a kansa a 1953. Haske kan ɗan yi jinkiri idan ya ratsa jikin ƙwaya, ido ba ya ganin wannan jinkiri, sai wasu zobba biyu, ɗaya a kondansa ɗaya a objektif, su mayar da shi duhu da haske. Sakamakon shi ne kana kallon ƙwaya da ranta ba tare da rini ba: amiba na miƙa ƙafa, yis na tsiro da ɗa, spor (ƙwayar irin da wasu bakteriya ke yi don jure wuya) na ƙyalli a cikin sandar bakteriya, trikomonas mai jawo ciwon sanyi na kaɗa gashinsa. Don koyarwa babu kamarsa, domin ɗalibin da ya ga abu na motsi ba ya mantawa. Yana kuma taimakawa a laka ta fitsari da awon maniyyi, da neman ƙwayar sammore a jinin shanu da raƙuma bayan an juya shi.

Tsadarsa a objektif take, domin nasa na musamman ne masu alamar Ph, kuma saitin gaba ɗaya yana iya ƙara rabin kuɗin madubin ko fiye. Zobban suna son daidaitawa, in madubi ya sha girgizar hanya sai an sake saita su da ɗan gilashin da ake bayarwa tare da shi, wanda shi ne ke fara ɓacewa a labo. Yana kuma yi wa kowane abu da'irar haske a gefe, wadda ke ɓoye ainihin girmansa, kuma ba shi da wani amfani a lam mai kauri da aka rina. Wanda bai da halinsa, ya ɗan rufe ƙofar kondansa ta madubinsa mai haske, zai samu wani kaso na wannan fitowa kyauta.

Mai walƙiya na LED

Aikinsa a wajenmu kusan guda ne, tarin fuka. Ana rina kaki da oramin, a haska da shuɗin haske, sandunan su yi walƙiya ruwan ɗorawa a kan fili mai duhu. Da yake da objektif na 20 ko na 40 ake dubawa, ba mai, filin ya fi faɗi, lam ɗin da zai ci minti biyar ko fiye a Ziehl-Neelsen ana gama shi cikin minti ɗaya ko biyu, kuma yana ƙara kamun masu cutar da kimanin kashi 10 cikin ɗari. Tsohon irinsa da fitilar merkuri yake aiki, mai mutuwa bayan kamar awa 200, mai son ɗaki mai duhu, mai guba in ta fashe. Kada ka saye shi ko da an karyar maka da farashi. Na LED ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar komawa gare shi a 2011. Wasu, irin Primostar iLED, da maɓalli guda ake juya su tsakanin haske da walƙiya, ka ga madubi biyu ke nan a jiki ɗaya.

Kuɗinsa ya fi na mai haske, ka ƙiyasta miliyan biyu zuwa sama. Rinin na dushewa, gara a karanta lam a ranar da aka rina shi, kuma sabon ido yana ɗaukar zare ko ɓurɓushin abinci mai ƙyalli a matsayin ƙwaya, a ɗora wa mutum maganin wata shida a banza. Shi ma oramin ana zarginsa da jawo ciwon daji, safar hannu dole ce. Sannan madubi ba ya nuna ko ƙwayar na bijire wa magani, wannan aikin GeneXpert ne, awon kaki na na'ura wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi tun 2010.

Na araha da na nesa

Foldscope, madubin takarda da Manu Prakash da Jim Cybulski suka fitar daga jami'ar Stanford ta Amurka a 2014, yana girmamawa kusan sau 140, yana rarrabe abu zuwa mikron 2. Ƴan na'urorin da ake jonawa da kwamfuta ko waya su ma kusan nan suka tsaya, komai yawan lambar da aka rubuta a kwalinsu. Suna nuna ƙwan tsutsa, halittun ruwan tafki, zaren funfuna. Ba sa rarrabe bakteriya, kuma bai halatta a yanke wa maras lafiya hukunci da su ba.

Madubin elektiron, wanda Ernst Ruska da Max Knoll suka ƙera a Jamus a 1931, shi ne ke ganin virus da cikin bangon ƙwaya. Kuɗinsa daga miliyoyi goma-gomai ne zuwa ɗaruruwa, yana son wutar da ba ta ƙiftawa, ɗaki mai sanyi, da injiniya a kusa. Na kawo shi ne kawai don a san inda iyaka take.

| Iri | Abin da ya fi nunawa | Kuɗi a ƙiyasce | Juriya a Tawa | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Mai haske da rini | siffa, zama, bango, ƙwayoyin jini, ƙwan tsutsa | jika 150 zuwa miliyan 2 | mai kyau, in LED ne | karatu na son watanni | kuskuren rini |
| Mai duhun fili | siraran ƙwayoyi da motsi | ƙari kaɗan | ƙura na ɓata hoto | yana son haƙuri | samfur mai rai |
| Faz kontras | cikin ƙwaya mai rai | ƙarin rabin kuɗin madubi ko fiye | zobba na gocewa | matsakaici | da'irar haske na ruɗi |
| Mai walƙiya na LED | ƙwayar tarin fuka | miliyan 2 zuwa sama | mai kyau | sauri, bayan horo | ƙyallin ƙarya |
| Na takarda ko na waya | manyan halittu | ƴan jikkuna | ba ya daɗewa | sauƙi ƙwarai | a ɗauke shi na asibiti |
| Elektiron | virus, cikin bango | miliyoyi masu yawa | bai dace ba | sai ƙwararre | asarar jari |

Wa zai ɗauki wanne

Mai asibitin kuɗi ko cibiyar lafiya da aikinta zazzaɓi ne, fitsari, bayan gida da ciwon sanyi, ya sayi mai haske na sanannen kamfani, mai ido biyu, mai LED. Abin da ya rage ya sa a rinin Giemsa da Gram na gari, da sinadarin daidaita ruwa, da batir, da akwatin da zai rufe madubin ruf da dare. Man objektif na ainihi za a saya, kuma a goge shi da takardar gilashi bayan aiki, domin man da ya malala kan objektif na 40 shi ke kashe shi.

Cibiyar da ke karɓar kaki da yawa a yini, mai walƙiya na LED ya cancanci kuɗinsa, musamman wanda ke juyawa zuwa haske. Amma ta fara tuntuɓar shirin ƙasa na yaƙi da tarin fuka, domin horo da rini da binciken ingancin lam ta hannunsu suke bi. In kakin bai wuce biyu ko uku a mako ba, Ziehl-Neelsen a madubi mai haske ya wadatar.

Likitan dabbobi mai shiga daji yana buƙatar mai haske mai ƙarfin jiki da batir a cikinsa, da ƙaramar na'urar juya jini. Faz kontras ƙari ne mai kyau gare shi idan sammore ne yawan aikinsa.

Makarantar sakandare ta fi amfana da madubai shida masu sauƙin kuɗi da ke kai 400x a kan guda ɗaya mai tsada da za a kulle a ofishin darakta, sai a haɗa da na takarda don fita bakin tafki. Makarantar horar da ma'aikatan lafiya ko sashen jami'a kuwa ta nemi aƙalla guda mai faz kontras da kyamara, a haska wa aji gaba ɗaya.

Wanda kuɗinsa bai wuce jika 500 ba kuma aikin asibiti zai yi, ni da zan zaɓa masa, tsohon na sanannen kamfani ya fi sabon da ba a san asalinsa ba, muddin ya gwada kafin ya biya. Ya je da lam nasa na jini da aka rina, ya ɗiga mai, ya duba da objektif na 100 ko gefen fili na fitowa kamar tsakiya. Ya saita hoton ya sake hannu na minti biyu, ya ga ko ya goce. Ya kwance objektif na 40 ya ɗaga shi sama ya leƙa ko akwai ƙarce ko busasshen mai a ciki, sannan ya tambayi dillalin ko ana samun fitilarsa a Yamai.